Dabbar Gida da Ɗan Gida: Nazari a kan Manufofin Hukuma na Kare Dabbobi da Tallafa wa Iyali a Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wasu manufofi biyu na hukuma waɗanda bisa al'adar ofisoshin gwamnati ba a haɗa su cikin fayil ɗaya, watau manufar kare lafiya da haƙƙin dabbobin gida, da kuma manufar tallafa wa iyalai masu ƙananan yara. Ta farko tana hannun likitocin dabbobi da ma'aikatar da ke kula da kiwo, ta biyu kuwa tana hannun ma'aikatun ilmi da na harkokin mata da jin daɗin jama'a. An zaɓi Ƙananan Hukumomin Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, domin su zama abin misali, saboda a can ne abubuwan da suka auku daga shekarun 2010 suka fito da dangantakar manufofin biyu a fili. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a irin wannan wuri dabbar gida ita ce asusun iyali, don haka duk abin da ya sami dabba sai ya kai ga yaro, kuma duk tallafin da aka bai wa iyali ba tare da an tanadi kariya ga dabbarsu ba, tamkar zuba ruwa ne a kwando.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Batsari da Safana maƙwabtan juna ne, dukkansu kuma suna cikin Masarautar Katsina. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa shi ne Yariman Katsina. Bisa ƙidayar 2006, Batsari tana da mutum fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000, akasarinsu Hausawa da Fulani, manoma da makiyaya. Daga yamma sun yi iyaka da Dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Jihar Zamfara. Tun a shekarun 1960 aka gudanar da shirin inganta makiyaya a dajin Ruma da Kukar Jangarai, da garin Runka na ƙasar Safana a matsayin cibiya, kuma Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ita ta bai wa hukuma ikon keɓe irin waɗannan wurare domin kiwo. Ke nan tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukuma ta san cewa rayuwar mutanen wannan yanki a ɗaure take da ta dabbobinsu.

3.0 Matsayin Dabba a Gidan Bahaushe

Wajibi ne a fara da bayyana abin da ake nufi da dabbar gida, domin ma'anarta a Turai ta sha bamban da ma'anarta a nan. A Ingila ko Faransa, idan aka yi maganar kare dabbar gida, yawanci ana nufin kare ko kyanwa da mutum ya ajiye domin sha'awa da ɗebe kewa, yana ciyar da ita ba tare da ta kawo masa ko anini ba. Bahaushe ma yana da irin wannan, alal misali tattabarun da samari ke kiwo, da kyanwar da ke kwana a ɗakin tsohuwa, da dokin da basarake ke ƙawa da shi. Amma a ƙauyukan Batsari da Safana da wuya a sami dabbar da ba ta da aiki. Kare yana gadi da farauta, kyanwa tana tsare rumbu daga ɓera, jaki yana ɗaukar ruwa da taki da amfanin gona, shanun huɗa suna jan garma da amalanke, saniya tana ba da nono.

Awaki da tumaki da kaji kuwa suna da matsayi na musamman, domin mafi yawansu mallakar mata ne. Polly Hill ta lura da haka a binciken da ta yi a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, wanda aka buga a 1972. Akuya tana haihuwa bayan wata biyar da ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye, ba ta da wuyar kiwo, kuma ana iya sayar da ita ranar kasuwa a karɓi kuɗi hannu da hannu. Da ita uwa ke biyan kuɗin magani idan yaro ya kwanta, da ita ake sayen kayan makaranta, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya mace. Hatta shigowar yaro cikin al'umma da dabba ake yin ta, tun da yake sai an yanka ragon suna. Saboda haka a wurin da banki ya yi nisa, turken awaki shi ne bankin uwar gida, kuma yara su ne suka fi kowa cin moriyarsa.

4.0 Asalin Manufofin Biyu

4.1 A ƙasashen Turai da Amurka

Abin mamaki ne a ji cewa a Ingila dokar hana zaluntar dabbobi ta girmi dokar hana zaluntar yara. A 1822 Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar da dokar hana cin zalin shanu da dawaki, wadda Richard Martin ya gabatar, a 1824 kuma aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, amma sai a 1889 aka yi dokar da ta bai wa hukuma ikon kare yaro daga zaluncin iyayensa. A Amurka, Henry Bergh ya kafa ƙungiyar kare dabbobi a birnin New York a 1866. A 1874 shi da lauyan ƙungiyar suka kai ƙarar masu riƙon wata yarinya da ake azabtarwa, kuma sakamakon wannan shari'a ne aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara a birnin. Watau daga tushe ɗaya harkokin biyu suka tsiro, shi ne cewa mai rauni wanda ba ya iya kai kukansa da bakinsa yana da haƙƙi a kan hukuma.

Tallafin kuɗi ga iyali kuwa ya zo daga baya. Faransa ta yi dokarsa a 1932, Ingila kuma a 1945, inda aka riƙa biyan sule biyar a mako saboda kowane yaro in ban da ɗan fari. Daga bisani Birazil, a 2003, ta shahara da tsarin biyan iyalai matalauta kuɗi bisa sharaɗin su kai yara makaranta da asibiti, tsarin da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya.

4.2 A Musulunci da al'adar ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba baƙuwar waɗannan manufofi ba ce. Kowane ɗalibin hadisi ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Littattafan hisba sun ɗora wa muhtasibi aikin hana ɗora wa dabba kayan da suka fi ƙarfinta. A ɓangaren yara kuma, an ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya yanka wa kowane jariri kaso daga baitulmali tun daga ranar haihuwa, bayan ya gano cewa iyaye mata suna gaggauta yaye domin 'ya'yansu su shiga cikin masu karɓa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali cikin harajin zalunci na sarakunan zamaninsa. Duk da haka jangali ya ci gaba har zamanin Turawa da bayansa, kuma yana cikin abubuwan da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta ba da sanarwar sokewa, tare da haraji, a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta.

Daɗin daɗawa, jama'a suna da nasu hanyoyin taimakon juna da dabba. Akwai ba da kiwo, inda mai hali ke bai wa marar hali akuya ko tunkiya ya kiwata, su raba 'ya'yan bisa yadda suka shirya. Fulani suna da habbanaye, watau aron saniya ga wanda ya rasa garke, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, sa'an nan ya mayar da uwar ga mai ita. Bayan farin 1973 da 1974, ƙungiyoyin agaji a Jamhuriyar Nijar sun ari wannan al'ada wajen mayar wa makiyaya da dabbobi. Akwai kuma hurumi da burtali da mashaya, waɗanda sarakuna da hakimai ke tsarewa domin amfanin kowa.

5.0 Abin da Hukuma ta Tanada

5.1 Game da dabbobi

Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa na 1959, wanda aka fi sani da Final Kod, ya sa dukan dabbar gida da azabtar da ita, da haɗa zakaru ko raguna faɗa, da yi wa dabba lodin da ya wuce kima, da sa dabba marar lafiya aiki, duk cikin laifuffuka. Ta fuskar lafiya, an kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 1924, wadda ke yin alluran rigakafi. Annobar bushiya ta 1983 ta hallaka shanu masu yawa a Arewa, amma da rigakafi aka yi ta yaƙar cutar har aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. An yi dokar yaƙi da cututtukan dabbobi a 1988, aka sabunta ta a 2022. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan gyaran dokar Jihar Katsina wanda ya tanadi hukuncin kisa ga masu satar mutane da ɓarayin shanu, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Dokoki dai ga su nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zartar da su a ƙauyen da ke bakin daji.

5.2 Game da iyali

Nijeriya ba ta taɓa yin tsarin biyan kowane yaro kuɗi irin na Ingila ba. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 ta yi rangwame saboda 'ya'ya har huɗu, amma ma'aikaci mai albashi ne ya amfana, manomin Runka ko na Wagini bai san da zamansa ba. Tallafin da ya kai ƙauye ya zo ne ta hanyar ilmi kyauta, tun daga shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976 zuwa dokar ilmin farko ta 2004. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin ciyar da 'yan firamare da na biyan gidajen matalauta naira 5,000 a wata, a 2023 kuma ta yi shelar biyan naira 25,000 a wata har wata uku. Jihar Katsina ta yi dokar kare yara a 2020, kuma tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa 'yan mata su zarce sakandare. Abin lura a nan shi ne shirin raba awaki ga mata da 'yan matan sakandare da gwamnatin Masari ta gudanar, wanda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta yi irinsa a 2025. Da wannan shiri hukuma da kanta ta amince cewa akuya hanya ce ta tallafa wa iyali.

6.0 Inda Manufofin Suka Haɗu

6.1 Satar shanu da rufe kasuwanni

Rikicin Dajin Rugu da satar shanu ya soma, kafin ya rikiɗe ya koma satar mutane da ƙone garuruwa, kamar harin da aka kai Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari a watan Fabrairu na 2020, inda aka kashe mutum 30. Idan aka kore wa manomi shanun huɗa, gonar da yake nomawa sai ta ragu, abincin gidan ya ragu, yaron da ke makaranta kuma a janye shi zuwa ƙwadago. Idan aka sace mutum, abin da ya rage a turke shi ake sayarwa a biya kuɗin fansa. Bafulatanin da aka raba da garkensa shi ma haka, domin ba shi da wata sana'a da zai ciyar da 'ya'yansa.

A ƙarshen watan Agusta na 2021, gwamnatin jiha ta kafa dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu Ƙananan Hukumomi, ciki har da Batsari da Safana, domin toshe wa ɓarayi hanyar sayar da abin da suka sato. Manufar tana da hujja, amma a watannin da dokar ta yi tana aiki, macen da ke da akuyar halal ita ma ta rasa inda za ta sayar, alhali kuwa lokacin ne ƙarshen damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya fi kama yara. Rufe kasuwar dabbobi a irin wannan wuri daidai yake da rufe banki a birni. Ba za a ce asarar dabbobi kaɗai ce sanadin yunwa ba, amma tana cikin manyan dalilan da suka raunana gidaje a wannan shiyya, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025.

6.2 Jaki da kare

Jaki ya shiga wani hali tun da fatarsa ta yi daraja a ƙasar Sin, inda ake haɗa wani magani da ita. Yawan yanka shi ya sa kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, har Tarayyar Afirka ta zartar da hana yanka jakuna domin fata a watan Fabrairu na 2024. Gidan da ya rasa jaki, tulun ruwa da damin itace kan yara suke komawa, musamman 'yan mata, kuma lokacin makaranta ne ake ci.

Kare kuwa, duk da amfaninsa wajen gadi, shi ne dabbar da aka fi sakaci da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Yi wa karen gida allura ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan yi wa yaron da aka ciza magani. A nan kam, kula da kare kula da yaro ne kai tsaye.

6.3 Darasi daga maƙwabta

Tsakanin 2013 da 2019 an gudanar da wani shirin tallafin renon yara a Ƙananan Hukumomi biyar na Jihohin Jigawa da Zamfara, ciki har da Tsafe mai iyaka da Jihar Katsina. An riƙa biyan mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har yaron ya cika shekara biyu, tare da koyar da ita dabarun ciyar da yaro. Masanan da suka bi sawun shirin sun gano cewa tsumburewar yara ta ragu, sun kuma gano cewa matan sun zuba wani kaso na kuɗin a sana'a da sayen dabbobi, abin da ya sa amfanin bai yanke ba bayan an daina biya. Wannan ya tabbatar da abin da muka faɗa tun farko: idan aka bai wa macen karkara kuɗi, wani sashensa turke zai nufa. In annoba ko ɓarawo ya share turken, to kuɗin hukuma ne ya salwanta.

7.0 Shawarwari

Na farko, duk shirin raba awaki ko kuɗi ga iyali ya kamata ya zo tare da allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki kyauta, da malamin dabbobi wanda zai riƙa zagayawa. A horar da matasa da mata na kowace gunduma su zama masu duba lafiyar dabbobi, domin likita ba zai iya kai wa kowane ƙauye ba.

Na biyu, a yi rajistar dabbobi da alamar mallaka ta hannun dagatai da masu unguwanni da arɗoɗi da sarakunan pawa da dillalai, yadda za a iya tace na sata ba tare da an rufe kasuwa ga kowa ba.

Na uku, idan ana tsara rajistar gidajen da za a tallafa, a sa asarar dabbobi cikin ma'aunin talauci, a kuma haɗa 'ya'yan makiyaya, domin yaron ruga da ya tashi babu garke babu makaranta shi ne ya fi saurin faɗawa hannun miyagu.

Na huɗu, sulhun da wasu al'ummomin wannan yanki suka shiga a 2025 ba zai ɗore ba sai an maido da burtali da mashaya da hurumi, an kuma taimaki waɗanda suka rasa dabbobinsu su sake kafa turke, bisa tsarin ba da kiwo da habbanaye wanda jama'a suka sani suka kuma yarda da shi.

Na biyar, a riƙa yi wa karnuka allura kyauta sau ɗaya a shekara, a tanadi allurar cizon kare a manyan asibitocin yankin, malamai da limamai kuma su tunatar da jama'a haƙƙin dabba a kan mai ita.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta duba matsayin dabba a gidajen Batsari da Safana, ta bi asalin manufofin kare dabbobi da tallafa wa iyali a ƙasashen waje da kuma cikin addini da al'adarmu, sa'an nan ta kawo misalan da suka nuna cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ba a rasa dokoki ba, ba a kuma rasa shirye-shirye ba. Abin da aka rasa shi ne a zaunar da likitan dabbobi da jami'in jin daɗin jama'a da malamin makaranta da hakimi a tabarma ɗaya, su tsara aiki guda. Ya rage ga malaman jami'o'inmu, musamman na Katsina da Dutsin-ma waɗanda suka fi kusa da wurin, su shiga ƙauyukan nan su ƙidaya abin da kowane gida ya rasa da abin da ya rage masa, domin hukuma ta sami alƙaluman da za ta gina manufarta a kansu.